Anselmo Ya Koma Zaman Shago

Mama,

Ina gaishe ki da Baba. Yaya jikin Kaka? Mu nan Bariloche lafiya lau, sai sanyi.

An sallamo surukinki Anselmo daga asibiti. Ƙafar dai ba ta gyaru ba, ya bar raka baƙi hawan dutse. Wani dattijo a nan, Don Ovidio, Allah ya saka masa, ya ɗauke shi a ɗan shagonsa, yana sayar da igiya da takalman hawa.

Jiya a shagon wani saurayi ya ce wa Anselmo, "Mai shago, kai ka taɓa hawa kuwa?" Ya yi dariya ya ce, "Ina! Ni matsoraci ne." Da muka koma gida ko abinci bai taɓa ba.

Kada ki damu. Ki aiko mana ganyen shayin mate. In kun yi waya, don Allah kada ki yi masa jaje.

'Yarki,
Delfina