A Bar Fasto Eh Kler Ya Yi Barci

Sansanin daji, farkon damina

Zuwa ga aminina Saw Po Dah,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kana lafiya, kai da Naw Mu Si da jikoki, kuma ciwon gwiwar nan yana barinka zuwa sujada. Ni ina nan. Tarin bai tafi ba, amma ba don shi na ɗauki alƙalami ba.

Kayan da kwamitinku ya aiko sun ƙetaro kogi lafiya: tamfol, maganin zazzaɓi, da takardar yabo mai ruwan zinariya ga fastonmu Eh Kler. Mun gode da tamfol. Takardar kuwa, Po Dah, ni na ji muku kunya. Mutum yana neman faɗuwa a tsaye, ku kuna aiko masa da yabo.

Bari in gaya maka abin da ba ya fitowa a hotunan da kuke nema. Tun da jiragen soja suka ƙone ƙauyenmu muka shigo dajin nan, yaron nan bai zauna ba. Shi ke binne matattu, shi ke kama gefen ragar ɗaukar majinyaci idan nakiya ta cire wa wani ƙafa, shi ke zuwa ya gaya wa uwar. Sannan ga sujadar godiyar nan tamu. Wanda ya tsira daga bam, wadda ta haihu, wanda zazzaɓi ya sake shi, kowa sai ya dafa shinkafa ya kira fasto bukkarsa. Ba mai yarda dattijo ya yi masa addu'a, wai ta fasto ta fi saurin isa sama. Ni da kai mun yi karatu a makarantar mishan ta Taungu, mun san ba haka aka rubuta ba.

Makon jiya muka binne wata yarinya. A bakin kabari fasto ya kira ta da sunan yaron da muka binne kafin ita. Ya gyara, ya sake kiran wani sunan daban. Sai ya zauna daɓas cikin laka ya kasa tashi. Maw Law, shugaban dattawanmu, ya sunkuya ya ce masa, "Fasto, in bangaskiya ta yi sanyi, ai azumi ake ƙarawa." Da sandata na raba su. Na ce, "Maw Law, kai da kake minshari tun ba a gama karatu na fari ba, kai ne malamin azumi?" Har yau ba ya gaishe ni, kuma ban yi kewa ba.

Ga roƙona. Kana da ɗaki a bayan madafa. Ka ba shi wata guda. Ba wa'azi, ba hoto, kuma kada ku tsayar da shi gaban baƙi ya ba da labarin matattunmu don a tausaya muku. A ba shi abinci, a rufe ƙofa.

Ka gaida Naw Mu Si. Allah ya kiyaye ku.

Naka tun yarinta,
Lah Say

Sansanin daji, tsakiyar damina

Aminina Po Dah,

Bayan gaisuwa da fatan duk kuna cikin ƙoshin lafiya, amsarka ta iso ta hannun mai kwalekwale. Na gode. Ka fi kwamitinka hankali.

Dattawa sun yarda, bayan na yi musu ihun da ya ja mini tari har da jini. Sai ga shi mai tafiyar ne ya ƙi. Na ɗauka don jama'a ne. Ashe don ni ne, kuma tun da na ji raina yake a ɓace.

Ka san shi ya binne matata Hser Paw a shekarar da muka gudu. Ban sani ba, ashe kafin ta cika ta sa ya yi mata alkawari cewa shi zai rufe ni da hannunsa, tun da 'ya'yanmu duk sun riga mu. Yanzu mai jinyar sansani ta gaya masa ƙirjina ba zai ga ƙarshen damina ba. Wa ya aike ta? Ya zo da faten shinkafa da tohon gora kamar kullum, ya ce, "Kaka, bari in ga yadda jikinka zai yi tukuna, kogi ba gudu zai yi ba." Wato ya zauna yana jiran in mutu kafin ya yi barci. Ka taɓa jin wulaƙanci irin wannan? An mai da ni igiyar da aka ɗaure shi da ita.

To, ga abin da na yi. Akwai allunan katako da samari suka yanka mini bara, na jingine su bayan bukka don akwatin gawata. Na sa aka kwashe su da rana tsaka, kowa na gani, aka rufe ramin da yara ke ɓuya idan jirgi ya zo. Ranar Lahadi na taka da ƙafata zuwa sujada, na tsaya na ja waƙa, na ci shinkafa kwano biyu da daddawar kifi a gabansa. Da aka watse na ce masa, "Ka gani? Bana ba ni da niyyar mutuwa. Na gaji da ganin fuskarka kullum kamar ta ungulu a ƙofata. Faston da ba ya iya riƙe sunan gawa, ba na son ya binne ni."

Ya dube ni yadda yake dubana yana ƙarami, ina malaminsa, idan na tsawata masa a aji, ya ɗauki kwanonsa ya tafi.

Po Dah, takunsa kaɗai ke zuwa ƙofar nan. Kai kaɗai zan gaya wa haka.

Naka,
Lah Say

Sansanin daji

Po Dah, aminina,

Ina gaishe ku duka, ina fata baƙonku ya iso lafiya. Ka yi haƙuri da rubutun, a kwance nake yi. Tun Lahadin nan ban sake fita ba, kwano biyun ma ba su zauna ba.

Bai zo sallama ba. Ya dai tsaya daga nesa ya ɗaga hannu, ni ma na ɗaga daga bakin ƙofa, ina jingine da gora don kada ya gane.

Sama ba ta faɗo ba. Mata suna yi wa juna addu'ar godiya. Shekaranjiya Maw Law ya binne wata tsohuwa, ya dawo ya kasa cin abinci. Gawa guda ke nan. Yanzu shi ke kawo mini fate, ba gishiri, ba magana.

Saura abu ɗaya, kuma ba roƙo ba ne. Mai kwalekwale zai kawo maka labarina, ina jin ba da daɗewa ba. Ka tare shi a bakin ruwa, kada ya ƙaraso gidanka. Ka gargaɗi Naw Mu Si, don fuskarta ba ta iya ɓoye komai. Kada Eh Kler ya ji sai watansa ya cika cif. Idan ya ji zai ƙetaro a ranar, kuma duk abin da na faɗa masa ya tashi a banza.

Bayan nan ka gaya masa ni na hana. Ka ce alkawarin a kaina aka yi shi, ni kuma na yafe, zan yi wa Hser Paw bayani da kaina. Maganar ungulu kuma, ka ce masa ƙarya nake yi.

In ka iske yana barci, kada ka tashe shi don ka gaishe shi a madadina.

Ubangiji ya haɗa fuskokinmu.

Naka har abada,
Lah Say