Ranar da Mamaci Ya Amsa Waya

Zuwa ga aminina marigayi Arɗo Bello,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ga labarin da na so a ce a bakin kanal ɗin ban ruwa nake ba ka shi, shanunka na kiwo a karan shinkafata.

Bayan rasuwarka na ji wai wayar salula, abin da bai cika tafin hannu ba, tana iya ƙona gari kuma tana iya kashe wutar. Na yi dariya. 'Yata Rabi, wadda ka sha ba kindirmo, yanzu malama ce a jami'a, kuma a kan wannan take bincike. Takan ce: "Baba, labari na shiga waya da sunan mutum ɗaya, ya fito da sunan ƙabila." Na ce boko ya yi mata yawa.

Sai ga ranar kasuwar Bunkure. Da hantsi waya ta kawo cewa ɗanka Buba ya sari Sani, ɗan ƙanena, a gonar tumatir. Kafin azahar ba a ƙara cewa Buba ba, Fulani ake cewa. Sani kuwa har an kashe shi a baki. Samari suka ɗauki gora da fetur, suka nufi rugarka.

Na tare su a kan gada. Ba ni da komai sai wayar da Rabi ta tilasta mini riƙewa. Na kira lambar mamacin, wato Sani.

Arɗo, ya amsa! Yana saman kwandunan tumatir a hanyar Legas, yana mitar zafin rana. Na bi kunnuwan samarin da wayar ɗaya bayan ɗaya. Gorori suka sauka. Da abin da aka hura wutar, da shi aka kashe ta.

Rugarka na nan, jikokinka na wasa a ƙarƙashin tsamiyarka. Allah Ya haskaka kabarinka, Ya haɗa mu a Aljanna.

Maganar nan ta waya da na ƙaryata kuwa, na sha jin ta tun daga ranar. Na ƙarshen faɗa mini, jiya ta waya daga wurin kiwo, shi ne Buba.

Naka har gobe,
Malam Iro na Kura