Sabon Takalmi Ba Ya Hawa Dutse

Hushe, farkon Yuni

Zuwa ga Babana Sakhawat, a sansanin dutsen Gasherbrum.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kun isa lafiya, kai da Kawu Jafar da tukwanensa. Gida kowa lafiya. Sha'ir ya fito, kogi ya fara cika.

Baba, jiya Inna ta aike ni ɗebo gari a babban akwati. Da hannuna ya kai ƙasa sai na taɓo leda. A cikinta akwai takalmin hawan ƙanƙara, ruwan ɗorawa, sabo fil, ko takardar shago ba a cire ba. Shi ne wanda kamfanin masu hawan dutse ya raba muku a birnin Skardu. Na duba ƙusar bayan ƙofa inda tsohon yake rataye, babu shi. Ke nan da tsohon ka tafi.

Ka san abin da likita ya faɗa ranar da ya yanke maka yatsu biyu a ƙafar hagu. Ya ce naman da sanyi ya taɓa ci ba ya jure na biyu, in aka kuma sai dai a cire ƙafar daga idon sawu. Ina wurin, ni na riƙe maka hula.

Inna ta dai murji ƙullin gurasa kamar shi ya yi mata laifi. Ga takalmin nan na ba masu dako da za su tsallake mashigin dutsen Gondogoro, tare da busassun 'ya'yan itacen chuli da man shanu na shayinka.

Allah ya tsare. 'Yarka,
Marziya

Sansanin Gasherbrum, tsakiyar Yuni

Zuwa ga Marziya mai ƙafar ubanta.

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina gaishe da Innarki in ta yarda ta amsa. Jafar ke rubutawa, ni ina faɗa, don hannuna na riƙe da kofin shayi. Chuli ya iso, rabinsa ya ƙare a bakin mai rubutu.

Ba mantuwa na yi ba. Ke na bar wa takalmin. Kin samu gurbi a horon hawan dutse na mata da za a yi a Skardu bayan girbi, sun kuma ce kowa ta zo da nata. Ina za mu samo? Sai ga shi Allah ya ba mu lamba ɗaya. Ranar da aka haife ki unguwarzoma ƙafarki ta fara kallo, ta ce wannan dai Sakhawat ba shi da bakin musu.

Tunda kin zama malamar takalmi, bari in ƙara miki karatu. Da yamma ake gwada shi, bayan ƙafa ta kumbura, da safa biyu. Yatsan hannu ya shiga ta bayan dunduniya. A shuri bango, in yatsu suka taɓa gaba a ajiye shi, don takalmi mai matsi shi ke kiran sanyi. Babbar doka kuwa, sabon takalmi ba ya hawa dutse. Irin wannan biyu ne a haɗe: na waje na roba ba ya canzawa, amma mai laushin da ke ciki sai ya sha tafiya kafin ya san ƙafa. In na sa shi yanzu zai sale min dunduniya tun kafin zango na biyu, a sauko da ni kamar buhun shinkafa. Ni da tsohon nan mun san juna.

Don haka ga shi na mayar. Ki mai da shi cikin gari, can ya fi jin daɗi.

Mahaifinki,
Sakhawat

Ƙari daga mai rubutu: 'Yata, tsohon ya tsage daidai inda yatsu ke lanƙwasawa. Ya liƙe da gam, yana kuma sa ledar sukari a kan safa. Haƙoran ƙarfen da ake ɗaura wa takalmi don taka ƙanƙara sun daina kama dunduniyarsa, da waya yake ɗaure su. Na yi masa magana, ya ce in kula da dafa wake. Ya sa na karanta masa wasiƙar nan, na karanta har sunansa na tsaya. Kawunki Jafar.

Hushe, farkon Yuli

Zuwa ga Baba.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na karɓi karatunka, ban kuma yi musu da doka ba. Sabon takalmi ba ya hawa dutse. To wannan yanzu ba sabo ba ne.

Tun ranar da ya dawo ban cire shi ba sai don alwala da barci. Na gwada da yamma, da safa biyu, na shuri bangon garke har tumaki suka firgita. Yatsuna ba su taɓa gaba ba. Da shi nake kai shanu makiyayar sama, da shi nake sauko da ciyawa, da shi na je bikin sunan jikar liman. Tsohuwar nan Sakina ta tare ni a bakin masallaci tana tambaya ko ƙanƙara ake sa ran za ta zuba a madafarmu. Matan rafi sun ce in na tako daga nesa sai ka rantse sojoji ne suka shigo gari.

Makon farko ya sale min dunduniya biyu, gaskiyarka. Inna ta shafa man chuli tana faɗin cewa taurin kai ma gadonsa ake yi kamar ƙafa. Yanzu ya daina cizo. Na ciki ya yi laushi, ya ɗauki siffar ƙafar da kai da bakinka ka ce taka ce.

Za ka ga ulu a gaban na hagu. Ba ni na sa ba. Na tarar da Inna ta ɗauke shi ta shige ɗaki, tana cusa ulun farar tunkiyarta a inda yatsunka biyu suke a da, wai kada iska ta zauna a wurin. Da ta gan ni sai ta ce ɓera take nema a ciki. Har yau ba ta ce in gaishe ka ba.

Baba, in ya sake dawowa ba zan je Skardu ba. Ba zan koyi hawa da takalmin da aka saya da ƙafar ubana ba. Ka san ni.

A gaida Kawu Jafar, a ce na gode da wake.

'Yarka,
Marziya

Hushe, ƙarshen Yuli

Baba,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan ta same ka a tsaye.

Masu dako sun sauko shekaranjiya babu wasiƙa. Buhu kawai suka miƙo, suka ce Kawu Jafar ya ba su a gurguje. Inna ta kwance, sai ga tsohon takalminka da wayarsa. Ka san abin da ake nufi a Hushe idan kayan mutum suka riga shi zuwa gida. Inna ta zauna a ƙasa inda take tsaye. Sai da na bi mutanen har bakin gada kafin wani ya ce ya gan ka kana hawa zango na sama da igiya a kafaɗa, ƙafafunka ruwan ɗorawa. Na dawo da gudu na faɗa mata. Ta ce Jafar zai dawo ya same ta.

Amma tun daga ranar gajimare ya rufe duwatsu, an ce iska mai ƙarfi ake yi a sama. Inna ta rataye tsohon a ƙusarsa. Yau ta ce in gaishe ka. Sau biyu ta faɗa.

Ka aiko da ko kalma ɗaya ce.

Marziya

Sansani, Agusta

Marziya,

Salam. Da hannuna nake rubutu, ki yi haƙuri da shi. Iska ta tsare mu a tanti a sama, mun kai, mun sauko. Jafar ya cire min safa ya ƙirga yatsu: takwas, yadda na bar gida.

Ki ce wa Innarki na amsa gaisuwa, sau biyu.

Ga takalminki nan, ya riga ki ganin saman Gasherbrum. Ki zare ulun ki ajiye min. Wurin yatsu biyun nan naki ne, ki je Skardu ki dawo min da shi a cike.

Mahaifinki,
Sakhawat