Tayoyin Motar Habibu

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti Binta da yara. Yaya aiki? Mu nan Jos lafiya, sai dai hankalina ba a kwance yake ba.

Motar nan mai rimot da ka aiko wa ɗana Habibu ta tsaya. Tunda sikila ta hana shi ƙwallo, ita ke jawo masa yaran unguwa. Ranar Asabar taɓo ya cika tayoyin, sai babansa ya jiƙa su a kananzir, yadda yake wanke kayan inji a gareji. Robar ta kumbura, ta ƙi zama. Mai shagon kayan wasa ya ce ruwan sabulu kawai ake sa musu, kuma ba shi da irinsu.

Yaran sun daina zuwa. Habibu ko abinci sai na matsa masa.

Don Allah ka aiko mana da wasu tayoyin. Ka sa mu a addu'a, ka gaida kowa. In kun yi waya da babansa, kada ka ta da zancen kananzir. Tun ranar ya kasa haɗa ido da yaron.

Ƙanwarka,
Hadiza