Nauyina ne ma'aunin noti, ga shi na rame

Assalamu alaikum mai shafi da masu karatu. A ɓoye sunana, kuma don Allah a bari in kai ƙarshe kafin a fara zagina.

Ni mai faci ne a Bodinga, shekara ashirin ina ɗaure tayar manyan motoci. Ba ni da inji. Sufana nake sa wa noti, in zura mata dogon bututun ƙarfe, in hau kan bututun in yi tsalle uku. A da ni ƙato ne, in na hau sikeli sai mai sikelin ya yi salati. Tsalle na uku notin zai yi wata ƙara, ƙiii, shi ke nan ya zauna. Ina gaya wa direbobi notin da na ɗaure sai dai motar ta tsufa ta bar shi a tsaye. Wasa nake, amma suka ɗauka.

Bara ciwon suga ya kama ni, na zube. Na ƙara riga a kan riga, wanda ya tambaya in ce mai ɗakina ce ke yajin tuwo. Abin da ban gaya wa kowa ba, noti ya daina yi mini ƙara. Na san maganin, in ƙara tsawon bututu ko in ce wani ya hau tare da ni. To da wane ido? Ni da na ce giwa ma sai ta nemi shawarata?

Wata biyu da suka wuce wani direba, bari in kira shi Buba, ya kawo tirelar shanu na sauya masa tayar baya. Na yi tsalle uku, shiru. Na ƙara biyu, shiru. Ya tambaye ni ko ta ɗauru, na ce ya je har Legas ya dawo, in ta motsa ya yanka ni. Ya yi dariya ya tafi. Bai wuce Lambara ba tayar ta fice, motar ta kwanta a gefen hanya. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi, amma hannun Buba ya karye, shanu biyu sai yanka su aka yi.

Mai motar, wani Alhaji a Shagari, ya tambayi Buba inda aka ɗaure tayar. Buba ya ce wurina. Alhaji ya ce ƙarya ne, tayar da na ɗaure ba ta ficewa, wani wuri dai ya kai don ha'inci. Ya karɓe makullin motar. Da Alhajin ya tsaya rumfata ya tambaye ni, kun san abin da na yi? Na ce ranka ya daɗe, motocin da nake ɗaurewa a yini sun fi tururuwa, wa zai tuna? Ya yi dariya, ya ce dama ya sani. Ban yi ƙarya ba, ban faɗi gaskiya ba, amma da dariyar nan aka tabbatar Buba maƙaryaci ne. Yanzu ba mai ba shi mota.

Jiya Buba ya zo da hannu a rataye. Bai zarge ni ba, a zatonsa ƙarfen tayar ne ya gaji. Ya ce shugaban direbobi zai zauna da shi da Alhajin ranar Alhamis.

"Yaya, kai ɗai ka san na zo nan. Hwaɗa musu kawai, ba ni son komi bayan wanga."

Na ce masa in sha Allahu, har na ba shi labarin ban dariya, ya tafi yana godiya.

In na ce ya zo, tambaya ta gaba ita ce yaya aka yi taya ta fice, kuma daga ranar ba tirelar da za ta sake tsayawa a rumfata, ga iyali, ga magani. In na sake cewa ban tuna ba, mutum mai 'ya'ya biyar ya tashi a maƙaryaci a gaban abokan sana'arsa, alhali ni kaɗai ya kira shaida.

Yau Talata. Jama'a, me zan yi?