Kwanan Watan da ke Saman Ƙofa

Nafisa jikata, amaryata,

Na ɗauki kyamararki ba tare da izininki ba, ki yi mini afuwa. Ban so in tashe ki ba.

Jiya na sayi gilashin kyamara na hannu, dogon nan mai zuƙo nesa, wajen wani tsohon mai hoto a Mararaba. Mun gwada shi, yana nuna lambar mota daga tsallaken titi.

Yau da hantsi za a rushe tsofaffin gidajen ma'aikata na bayan Karu, inda muka fara zama. An kewaye su da waya, ba a barin kowa ya matsa. Marigayiya kakarki ta rubuta ranar tarewarmu a ɗanyen siminti, saman ƙofa. Ta ce Maris ne na 1983, na ce Afrilu. Shekara talatin muka yi muna musu, ban taɓa komawa na duba ba.

Zan dawo kafin azahar. Idan gilashin ya nuna Maris, ki jira ni a falo, domin ke za ki karɓi ban-haƙurin a madadinta.

Kakanki,
Zakariyya