Kunnen Mai Guduma

Litinin

Noeleen tawa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Yaya jikin ƙanwarki, ta fara taka ƙafar? Ki gaishe min da ita.

Ni kam hankalina a tashe yake. Kin san shekara goma sha tara ni nake bin layin dogon gidan tarihinmu da guduma, ina buga katakon da ƙarfen ke kwance a kai. Mai lafiya ya amsa garau, wanda gara ta cinye ya amsa a dakushe. Aikin sa-kai ne, amma sai na ce layi ya yi kafin jirgi ya tashi.

Yau a kwanar rafi na buga wani katako, na ji lafiya lau, na wuce. Da na dawo na taka shi, sai diddigena ya nutse kamar a burodi. Noeleen, kunnena ne. Kin daɗe kina cewa na cika ƙure rediyo, ina yi miki gardama.

Ranar Juma'a za mu ɗauki yaran makaranta sittin. Daga tasha zuwa gada katako ɗari takwas ne, duka ni na ce lafiyarsu lau, yanzu ko ɗaya ban yarda da shi ba. In na faɗa, za su karɓe gudumar su zaunar da ni ina yagar tikiti. In na yi shiru kuwa, ba zan iya ko rubuta miki abin da nake hangowa ba. Tsoro nake ji, ga shi ba kya nan.

Mijinki,
Lindsay

Laraba

Noeleen tawa,

Ina gaishe ku, Allah ya ƙara mata sauƙi.

Na faɗa musu. Lokacin shayin safe ne a rumfar kayan aiki, a gaban Merv shugaban ayarinmu da sauran tsofaffin. Na miƙe, na roƙa a dakatar da jirgin Juma'a. Ba wanda ya ɗago kai. Col, ɗaya daga cikinsu, sai tsoma biskit yake a kofi har ya narke.

Merv ya matso ya ce, "Zauna, tsohon banza, jirgi zai tashi. Jiya muka canza katakon kwanar rafi. Shekara biyu ke nan duk Talata ni da Col muna bin sawunka da wata gudumar."

Kunya ta kusa kashe ni, Noeleen. Sai da ya maimaita da ƙarfi a gaban kowa, don na farkon ban ji ba.

Don Allah ki dawo gida.

Naki har kullum,
Lindsay